Littafin Awona Ya Je Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban samu na gama riga ɗaya cikin natsuwa ba. Mai karɓar ɗinki sai ya ja benci ya zauna, mai wucewa sai ya leƙo, kowa tambayarsa ɗaya: "Sumaila, ƙaƙa teku?" Na gaji da cewa teku ruwa ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma kan kekena. Amma in gaya muku tun yanzu, mai jiran labarin daɗi ya tashi ya ba wani wuri. Na ga teku, na ci kifi, na kwana a otel, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiya ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne a bakin kasuwar Filinge. Bara wani abokina mai karatu a Yamai ya saka mini wani dandalin zumunta a waya. Ba zan faɗi sunansa ba, kada a ce talla nake. Kamar sauran yake: ka sa hoto, ka sa murya, mutane su amsa maka. Bambancinsa shi ne ba shi da maigida. Abin da ka sa ba a wuri ɗaya ake ajiye shi ba, ana kwafe shi a injina masu yawa a ƙasashe daban-daban, kowace magana ɗaure da ta gabanta kamar sarƙa. Bulokcen suke ce wa abin. Ba mai iya goge maka magana, ba mai iya rufe maka kwant, wato shafinka na ciki. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, har ya zama wa'azina. Kuma wanda ya jawo mutane ana ba shi maki, ni kuwa Allah ya yi ni da son a ce na fi.

Wajen buɗe kwant akwai wani mataki inda wayar take fito maka da kalmomi goma sha biyu na Turancin Ingilishi, ta ce ka rubuta ka ɓoye. A nan mutanenmu suke tsayawa. Manomin da ya taho daga Tondikandiya a kan amalanke ba shi da biro, ba shi da takarda, in ma ya samu ya rubuta, akuya ce za ta ƙarasa aikin. Ni kuwa ina da littafin awo. Kowane abokin cinikina yana da shafinsa: suna, gari, wuya, kafaɗa, hannu, tsawo. Sai in rubuta masa kalmominsa a ƙasan awon. A wurina amana ce kawai, irin yadda ake bar mini yadi wata uku ba wanda ya tambaya. Da haka na shigar da mutum arba'in da uku, ina jin ba wanda ya kai ni wayo a duk ƙasarmu ta Kurfai.

A cikinsu akwai Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata. Wakilin maigari ne a wani ƙauye kusa da Damana, can yankin Tondikandiya. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Na faɗe shi sau ɗaya, ya isa. Kun san zaman da irin su Kawu suke yi yanzu. Mutanen daji su zo a kan babura su yi tambaya, hukuma ta zo ta yi tata. Abin da ya bar shi da rai har yau shi ne ba a taɓa jin ya ce ga inda wane ya bi, ko ga inda wane ya kwana ba. A dandalin ma maganarsa ba ta wuce hadari da iri da lafiyar bisashe. Rezo, wato layin waya, ba ya kamawa a ƙauyensu sai an hau dutsen da ke bayan gari, to can yake hawa ya danna ya yi magana. Ƴan ci-ranin ƙasarmu da ke Abijan da Libiya suna jiran muryarsa kamar ta rediyo. Muryar Kawu ce ta sa masu kula da dandalin suka san da ni, har suka gayyace ni taron kwana uku a Kwatano tare da sauran masu jawo mutane.

Matata Rabi ba ta so ba. "Kwatano, da wagga hanya? Mi za su ba ka da ba ka da shi?" Na ce mata ilimi ne. Ta ce ilimi bai taɓa hana babur tsaida mota ba. Na ɗauki littafin awo na sa a jaka, don na yi niyyar sayo shaddar Babbar Salla a can, kuma sai na duba awon kowa zan san mita nawa zan yanka.

Kafin in fita na wanke waya, kamar yadda kowa yake yi yanzu. Ka goge saƙonni, ka goge hotuna, ka goge duk lambar da sunanta zai iya jawo tambaya, don ba ka san wa zai tsaida ku ya ce miƙo ba. Na zauna rabin sa'a ina wannan wanki, har da hoton wani ƙanen abokina don kawai ya sa wando mai ruwan na soja. Littafin kuwa ko kallonsa ban yi ba.

Hanyar Yamai kun san ta. Da muka bar gari ana ta surutu a taksi, ana faɗa kan wa ya taka wa. Da muka kai wani yanki sai direba ya kashe rediyo, kowa ya yi shiru ba tare da an ce a yi ba. Babura biyu suka fito bayanmu. Tsohuwar da ke gefena ta kama gwiwata tana salati, ni ma ina yi, amma nawa a ciki. Suka matso, suka matso, suka wuce mu da kwandunan zabi ɗaure a baya. Ba wanda ya yi dariya sai da muka hango Baleyara. A shingen jandarma wani ya buɗe jakata, ya ɗauko littafin, ya bi shafuka yana lasar yatsa. Ya tambaye ni nawa nake ɗinka babbar riga mai aiki, ya miƙo mini littafin. Ko gezau ban yi ba, kuma rashin jin tsoron nan shi ne yake sa gabana faɗuwa yanzu in na tuna.

Daga Yamai na shiga babbar mota zuwa Doso, daga Doso zuwa Gaya. Gada a rufe take, sai an ƙetare kogi a kwale-kwale. Mu Kurfayawa ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na tabkin damina wanda jaki yake ratsawa. Na tsaya a baki ina kallon yadda ake loda buhunan albasa, da babur, da rago, sannan aka ce mutane su hau sama. Mai albasar wata Bazabarma ce, Hajiya Gambi, mace mai jiki da murya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Fofo, ɗan tudu. In ka ji tsoro ka kama buhu, kar ka kama ni, ina da miji." Na kama buhu da hannu biyu har muka ƙetare, idona a rufe, littafin cikin leda a ƙirjina don kada awon mutane ya jiƙe. Wajen sauka laka ta riƙe mini takalmi ɗaya, ta ƙi saki. Na shiga ƙasar Binin da ƙafa ɗaya a takalmi, Hajiya Gambi tana bayana tana gaya wa ƴan dako cewa haka ake yayi a Filinge.

A Malanbil aka duba takarduna, na sayi silifas na roba, na kama motar kudu. Tafiya ce mai tsawo. Mun baro gida ƙasa a bushe ana jiran ruwa, can kuwa tun kafin Paraku komai ya yi kore, itatuwa sun yi tsayin da ba su da dalili. A Paraku na ci sakwara da cukun Fulani a miya, ya yi daɗi, sai dai mai abincin ta tsaya a kaina har na gama don tana son kwanonta. Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwarsu. Mutum ya ce maka bonjur ya wuce, bai tambayi gida ba, bai tambayi gajiya ba. Na gaida wani dattijo irin tamu, ina kan tambaya ta huɗu ya ɗauka roƙo zan yi, ya fara laluben aljihu.

Kwatano kuwa babura ne, kamar an zazzage su daga buhu, masu tuƙin duk da riguna rawaya. A gida ƙarar babur biyu tana hana gari numfashi, can ga dubu ba mai ɗaga kai. Jikina bai yarda da wannan ba har na baro. Duk wanda ya tsaya kusa da ni sai na matsa.

A otel aka ba ni kati a matsayin makulli, na yi ta tura shi ƙarƙashin ƙofa har abokin ɗakina ya buɗe daga ciki. Sunansa Kosi, daga Lome, mutum mai fara'a wanda wayarsa ba ta sauka daga hannunsa. Kafin in ajiye jaka ya ɗauki hoton hulata. Ya ɗauki hoton silifas ɗina. Da aka kawo abinci, wani farin tuwon masara mai tsami da kifi da yajin da ya sa ni hawaye, sai da ya ɗauki kwanon, sannan ya ɗauki hawayen. Duk yana ɗauka yana sawa a dandalin nan take. Na ce masa da ɗan Faransancina na makaranta, ashe ba ya gajiya. Ya ce, "Maki ne, ɗan'uwa. Wanda ya riga sawa shi ake gani." Shi ne ya kai ni bakin teku da la'asar. Ƙasa tana motsi ƙarƙashin ƙafa in ruwan ya bugo, kuma ba a ganin ɗaya gefen. Na tsaya nesa na ce na gani. Masu tambayar teku, ga amsarku, ba ni da wata.

Mai koyar da mu wata ƴar ƙasar ce, Madam Sidoni, gajeriya mai tabarau, mai magana da sauri. Ranar farko duk a kan yadda za a sa mutum ya dawo kullum aka yi ta. A wurinsu wanda ya yi kwana uku bai sa komai ba ya yi barci, sai a tashe shi da saƙo. Ka tambaye shi me ya ci, ka yaba masa hoto, ka ba shi maki in ya jera kwana bakwai. Na zauna ina tunani, a garinmu wanda ya kwana uku bai ce komai ba shi ake kira mai hankali. Amma na rubuta duk abin da ta faɗa, har da ja masa layi.

Rana ta biyu da hantsi ta zo kan kalmomin nan goma sha biyu. Ta ce a nan suke asarar mutane, yawancin masu farawa da sun ga kalmomin sai su rufe waya su tafi. Sannan ta duba takardarta ta ce, "Amma akwai mutum ɗaya a ɗakin nan da ko ɗaya bai gudu masa ba. Mushe Sumaila na Nijar, zo ka gaya mana sirrinka."

Mushe shi ne Malam a bakinsu. Aka yi tafi. Ku da kuka san ni kun san abin da tafi yake yi mini. Na tashi na gyara hula, na je gaba da silifas ɗina na roba, na ce ai abin ba wuya, ni nake riƙe musu. Na ga ba su gane ba, sai na zaro littafin daga jaka. Na nemi shafin da na fi alfahari da shi, na buɗe, na ɗaga sama da hannu biyu, na juya dama, na juya hagu don na baya su gani. Wayoyi suka tashi.

"Rufe," in ji Madam Sidoni. Ban ji ba, ina bayanin cewa wannan shi ne kawuna mai muryar nan. Ta zo da kanta ta haɗe littafin a hannuna har ta matse mini yatsa. Ta juya ga mutane ta ce duk wanda ya ɗauka ya goge yanzu, a gabanta. Kowa ya sunkuyar da kai yana gogewa. Kosi ne kaɗai bai sunkuya ba. Yana zaune wayarsa a tafin hannu, fara'ar nan duk ta tafi.

Ya ce, "Madam, na riga na sa."

Ta ce, "A dandalin?"

Ya gyaɗa kai. Ni har lokacin ban san me na yi ba, kunya kawai nake ji, ina tsammanin na karya wata dokar taro.

Ta ja ni waje ta yi mini bayani a hankali. Kalmomin nan ba abin tunawa ba ne kawai, su ne mutumin. Duk wanda ya same su zai shiga daga ko'ina a duniya, ya yi magana da sunan mai kwant, da hotonsa, kuma ba mai iya bambancewa. Na ce to a goge hoton Kosi. Ta ce za su iya ɓoye shi daga fuskar waya, amma yana nan cikin sarƙar, mai nema zai samu, kuma mutane sun riga sun gani. Na ce a canza kalmomin. Ta ce a nasu tsarin ba sa canzuwa. Na ce to a rufe kwant ɗin baki ɗaya. Ta cire tabarau ta ce, "Ba mu da makullin kowa, Mushe Sumaila. Da wannan muke tallar kanmu." Na san haka. Da bakina na faɗa wa mutum arba'in da uku.

Ta ga yadda fuskata ta koma, sai ta ce kada in damu, makin tsohon ba su da yawa, in an kwashe za su san yadda za su yi masa. A nan na gane ita da ni ba tsoro ɗaya muke ji ba. Na gaya mata wane ne Kawu. Na gaya mata labarin babura da masu tambaya. Na ce a shafin nan akwai sunansa da sunan ƙauyensa. In wani ya shiga, ko don wasa, ko don yana da tsohuwar gaba da shi kan gona, ya rubuta cewa masu babura sun kwana a rijiya kaza, sannan aka nuna musu a waya da hotonsa da rawaninsa, ba za su tambayi wa ya danna ba. Kuma maganar ba za ta gogu ba, ko bayan shekara goma ana iya nuna ta. Madam Sidoni ta nemi kujera ta zauna.

Na kira Kawu, ba rezo. Na kira har sau bakwai. Na kira Rabi na fara gaya mata, ta katse ni. "Sumaila, maganag ga ba ta waya ba ta. Kuma ba ta saƙo ba ta, in ka ba mutum ɗaya gari duka ya ji. Taho gida." Tana da gaskiya.

Madam ta ce abu ɗaya ya rage, in shiga da kalmomin in rubuta cewa kwant ɗin ya fita hannun mai shi. Na shiga. Wata takwas littafin yana hannuna ban taɓa tunanin zan iya haka ba, ga shi cikin minti ɗaya na zama Kawu Nomau. Ji na yi kamar na shiga ɗakinsa ba sallama na sa rigarsa. Na rubuta da Hausa da Faransanci. Amma na san masu sauraren Kawu ba karatu suke yi ba, murya suke jira, kuma muryar tana bayan dutse, tafiyar kwana biyu da rabi.

Ban tsaya rana ta uku ba, ban sayi ko mita ɗaya ta shadda ba. Kosi ya ɗauki jakata har tasha, yana ta ba ni haƙuri. Na so in yi fushi da shi don in samu sauƙi, abin ya ƙi. Shi hoto ya ɗauka, ni na ɗaga littafin. Da mota za ta tashi ya ɗaga waya don ya ɗauke ni, sai ya tuna, ya mayar aljihu.

Ban san yadda hanyar dawowa take ba, don ban kalle ta ba. Duk inda rezo ya kama sai in buɗe shafin Kawu. A Paraku ba komai sai rubutuna. A Malanbil ba komai. A kwale-kwale idona biyu, wayar a hannuna, har muka ƙetare ban tuna ina tsoron ruwa ba. Na fara gaya wa kaina cewa wa ya damu da wani tsoho na Tondikandiya, duniya tana da abin yi.

A Doso muka tsaya sallar azahar. Na sayi shinkafa da wake, na zauna a benci, na buɗe. A ƙarƙashin rubutuna akwai sabo. Ga hoton Kawu da farin rawaninsa, ga sunansa, ga kalma ɗaya: bonjur. Sai ƴar fuskar nan mai dariya. Kawu bai taɓa riƙe biro ba, bai taɓa cewa bonjur ba ko da wasa. Wani ya shiga, ya gwada ƙofa ya ga tana buɗewa. Ban san ko yana Lome ba, ko Yamai, ko yana zaune a kasuwar Damana. Na ajiye kwanon a ƙasa. Wani fasinja da ke gefena ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya? Rasuwa aka yi?" Na ji bakina ya ce, "A'a, tukuna."

Ban shiga Filinge ba. Washegari na sauka a mararrabar Damana na hau amalanken wani mai kai dusa. Na iske Kawu a gona da rana tsaka yana sharar kara, yana jiran ruwan shuka. Ya ga silifas ɗina, ya ga jaka, bai tambayi dalili ba sai da muka gama gaisuwa duka, gida da gajiya da zafi da mutanen Hilinge. Ban taɓa jin gaisuwa ta yi mini tsawo irin ta ranar ba.

"To, lahiya kaz zo da jaka, ba ka biya gida ba?"

Na durƙusa na gaya masa, tun daga tafi har bonjur. Ya jingina da sandar mayayinsa yana saurare, idonsa a kan karan da ya tara.

"Mi da mi ag ga takardar?"

"Sunanka, Kawu, da na gari, da kalmomin."

"Sai mi?"

"Sai awo."

"Har wuya?"

"Har wuya, Kawu."

Ya kai hannu ya shafa wuyansa a hankali. "To, ka rage musu aiki." Ya yi ɗan murmushi, ni kuwa da ya ɗaga sandar ya buga mini da na fi so. Can ya ce, "Sumaila, kai kac ce mini wurin ga ba mai iya ruhe mini baki."

"Ni na, Kawu."

"Ba ka ce wani na iya buɗe shi ba."

Ya jingine mayayi ya ce mu tafi dutse. Muka hau, shi a gaba da shekarunsa, ni a baya ina haki. A sama ya karɓi wayarsa, ya share maƙogwaro, ya danna kamar yadda na koya masa.

"Salamu alaikum. Ni na Nomau. Ku da kuka saba jina, ku ji da kyau. Makullin wurin ga ya hwaɗa hannun da ban sani ba. Daga yau duk abin da kunka gani ko kunka ji nan da sunana, ba ni na ba. Ban ga kowa ba, ban san inda kowa yak kwana ba. Ruwa bai zo ba tukuna. Allah shi ba mu damana mai albarka. Na bar ku lahiya."

Muka tsaya har muryar ta tafi. Ya ce in ajiye masa muryar a cikin wayar kanta, inda zai iya kunna ta ko ba rezo, ko da wata rana an zo masa da tambaya. Na ajiye. Yanzu duk ƙasar nan kowa yana wanke waya kafin ya kama hanya, Kawu kaɗai ne ba shi da damar wanke tasa. Muna saukowa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "In sun zo, Allah shi sa su bari in kunna."

Sauran shafukan na bi su da almakashi. Ran kasuwa duk wanda ya zo na miƙa masa nasa, na gaya masa abin da yake riƙe da shi. Wasu sun naɗe sun sa a laya, wasu sun ƙone a gabana, Alhaji Mamman mai goro ya ce in cire masa abin daga waya gaba ɗaya, kuma in daina koyo masa sababbin abubuwa. Daga Kwatano an aiko mini saƙo cewa mutanena sun yi barci, in tashe su. Ban amsa ba.

Kowace safiya kafin in buɗe shago sai na duba shafin Kawu. Muryarsa tana nan, bonjur ɗin ma tana nan a samanta da ƴar dariyarta. Ba a ƙara komai ba. Rabi ta ce wannan alheri ne. Ni dai na san mai makullin bai mayar ba, kuma ba shi da inda zai mayar. Ruwan farko ya sauka a ƙauyen Kawu, ƴan ci-rani suka yi ta tambaya a dandalin ko an yi shuka, ba wanda ya amsa musu.

Kasuwar da ta gabaci Salla sai ga shi da yadi a hammata, fari, irin wanda yake so. Ya zauna a bencina muka gaisa. Ya ce tun da na yanke shafinsa sai in sake awo. Na tashi na ɗauko tef, na auna kafaɗa, na auna hannu, na zagaya wuya. Ya ragu da santi biyu a kan wanda nake tunawa. Na sake zagayawa ko na yi kuskure, haka yake. Na miƙa hannu zan ɗauki biro, sai na ga yana kallona. Na mayar da biron cikin gwangwani, na riƙe awon a kaina.